Fijon Baba: a ɗora ta kan casis ɗin Hilux, ko a bar ta da ƙashinta?

TAMBAYA

 Malam, ina da matsalar da ta daɗe tana cin raina. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya rasu ya bar Peugeot 504 salun, haɗin Kaduna. Yau shekara shida ke nan tana ajiye a gindin dalbejiyar ƙofar gida. Tun kafin a ajiye ta tana hayaƙi tana shan baƙin mai, yanzu kuma wajen ƙafar direba ya ruɓe har ana hango ƙasa. Ina yawan kallon bidiyon Amurkawa masu abin nan da suke kira hot rod, su ɗage bodin tsohuwar mota su ɗora kan sabon casis, su sa mata ƙaton inji, ta fito kamar amarya. Na yi wa makanikena maganar, ya ce ai abu ne mai sauƙi: akwai wata Hilux da ta yi hatsari, bodinta ya tashi aiki amma casis da inji lafiya lau, a sayo a ɗora bodin Fijon a kai, wata biyu ya gama. Shin hakan zai yiwu? In ba zai yiwu ba, wane inji ya kamata in sa mata? 'Yan gwangwan sun taya ta sau uku, ni kuwa ba na son in ga an yanka ta ana aunawa a sikeli.

Daga wani mai karatu, Tudun Wada, Zariya.

AMSA

 Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Na ji daɗin wasiƙarka, don ban da ku 'yan tsiraru da ba za a bar wa jikokinmu ko ƙyallin 504 su gani ba.

Kafin mu kai ga ƙarfe, akwai tambayar da ba ka yi ba, ni kuma sai na yi maka ita. Motar nan an raba gado ta faɗo a kasonka, ko har yanzu ta magada ce gaba ɗaya? In ba a raba ba, kada ka bari a kwance ko noti ɗaya sai kun zauna da 'yan'uwanka, mata da maza, an yi mata kuɗi an san matsayinta. Yau da take ruɓe a gindin bishiya babu mai kallonta. Ranar da ta fito da sabon fenti, kowa zai tuna ta Baba ce.

To, ga amsar a taƙaice: motarka ba ta da casis ɗin da za a canza. Abin da makanikenka ya faɗa za a iya ƙaƙaba shi, don a ƙasar nan babu abin da mai walda ba zai liƙa ba. Amma abin da zai fito daga garejin ba 504 ba ce, ba kuma Hilux ba ce.

Bari in yi maka bayanin abin da kake gani a bidiyon nan. Motocin da Amurkawa suka fara wannan wasa da su Ford ne na shekarun 1920 da 1930. A lokacin ana ƙera mota ne kashi biyu: a yi casis kamar tsani, dogayen ƙarafa biyu da na gicciye, shi ke ɗauke da inji da giya da tayoyi da sifirin, sannan a kawo bodi a ɗora a ɗaure da notuna. Bodin ba ya ɗaukar nauyin komai sai na mutanen da ke ciki. A 1932 Ford ya fito da injin V8 mai araha, lita 3.6, ƙarfin doki 65. Samarin kudancin Kalifoniya suka gane cewa in aka kwance bodin Model A mara nauyi aka ɗora kan casis ɗin 1932 mai V8, ko aka cusa V8 ɗin cikin Model A ɗin kanta, an sami mota mai gudun tsiya da kuɗi kaɗan. Sai su tafi busassun tafkunan hamada irin su Muroc da El Mirage su gwada gudu. Abin ya bunƙasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, har aka fara buga mujallar Hot Rod a 1948, aka kafa ƙungiyar tseren NHRA a 1951. Da Chevrolet ta fito da nata ƙaramin V8 a 1955, shi ya zama injin da kowa ke cusawa. Duk wannan ya yiwu ne saboda bodi daban, casis daban. Mutum huɗu da sifana za su iya raba su da hantsi.

Mu ma ai muna da irin wannan sana'a, sai dai ba mu ba ta suna ba. Duk tsohuwar Bedford ko Mercedes 911 mai bodin katako da ka gani tana ɗauko masara daga kasuwannin ƙauye, kafintoci ne suka yi mata bodin a kan casis. In ya tsufa a ɓalle a yi wani, motar na nan. Haka tsohuwar Land Rover: bodin alminiyam ne a kan tsanin ƙarfe, shi ya sa masu sha'awarta a Ingila ke sayen sabon casis sukutum su mayar da tsohon bodi a kai. Ita ma Volkswagen Beetle, wadda Yarbawa ke kira ijapa, wato kunkuru, bodinta ɗaure yake da notuna a kan faranti. Da ɗaya daga cikin waɗannan Baba ya bari, da amsata ta bambanta.

Ita 504 ba haka aka yi ta ba. Ta fito a Faransa a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969, masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara aiki a 1975, aka kuma ci gaba da haɗa 504 a can har 2006, shekara 23 bayan Faransawa sun daina yin salun ɗin a gida. A duk tsawon wannan lokaci ƙirarta ɗaya ce: bodi da ƙashi a haɗe suke da walda, abu guda. Dogayen ƙarafan da makanikai ke nuna maka a ƙasa su ce ga casis, ba a kwance su, jikin bodin ne. Rufi, ginshiƙan ƙofa, dokin ƙofa na ƙasa, daɓen da kake taka ƙafa, kowanne na ɗauke da kasonsa na nauyi. Kamar ƙwarya ce. Ƙarfinta a zagayenta yake, in ka fafe gindinta ba ka da ƙwarya.

Yanzu ka duba abin da za a yi don bodin nan ya hau Hilux. Tsakanin tayar gaba da ta baya a 504 salun milimita 2,740 ne. A yawancin Hilux ɗin da aka fara yi daga 2005, 3,085 ne. Wato tayoyin ba za su faɗa ramukansu ba, da ratar da ta haura taƙi guda. Dole ko a yanke casis a rage masa tsawo, ko a yanke bodi a ƙara. An yanke casis ke nan a daidai inda ya fi ɗaukar wahala, sai kuma a rage firofela, da bututun birki, da na mai, da wayoyi. Sannan a fafe daɓen Fijon da bangon da ke tsakanin inji da direba, domin giyar Hilux ta sami wurin zama. Sitiyari ba zai zo daidai da kujera ba. Fedar birki da ta kuloci sai an yi musu sabon mazauni. In aka gama, mota za ta tsaya can sama kamar raƙumi, nauyinta ya koma bisa, a kwanar da 504 ke sha cikin barci ita sai ta nemi kwantawa. Wata biyun da aka ce maka kuwa, ni dai ban taɓa ganin irin wannan aiki ya bar gareji kafin damina biyu ba. Da yawa ma ba sa fita. Ka leƙa bayan kowane tsohon gareji, za ka ga bodin da aka fafe aka rasa yadda za a ƙarasa, kaji na ƙwai a ciki.

Kada ka ce ai an taɓa ɗaga 504 ta zama mai shiga daji. An yi. Wani Bafaranshe, Henri Dangel, ya yi wa 504 wagon da a-kori-kura tsarin jan taya huɗu tun daga 1980, kuma sun yi suna a Afirka. Amma masana'anta ce guda da injiniyoyi da gwaje-gwaje, ba injin walda da igiyar awo ba. Kuma ko a yadda take, 504 ba raguwa ba ce a hanya mara kyau. Da ita Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya a 1975.

Saboda haka maganar casis mu ajiye ta. Abin da motarka ke bukata shi ne mai gyaran bodi na ƙwarai, kuma kafin ka kashe ko sisi sai ka san zurfin ciwon. Ka sa a jawo ta daga gindin dalbejiyar nan, wadda ita ce ma ta yi mata rabin ɓarnar: ganye ya toshe magudanar ruwan da ke ƙasan gilashin gaba, ruwan sama ya bi ta tsohuwar roba ya taru ƙarƙashin kafet, shekara shida yana ci. Mu a nan ba mu da gishirin teku ko wanda Turawa ke watsawa a titi lokacin ƙanƙara, shi ya sa tsatsarmu yawanci daga ciki take farawa. A cire kujeru da kafet duka. A kai ta kan rami. Ka shiga ramin da kanka, da tocila da sukundireba mai kauri, kada ka tura yaro. Ka riƙa soka bakin sukundireban a dogayen ƙarafan ƙasa, da dokin ƙofa, da wuraren da ake kafa jak, da inda ƙafafun baya suka kama bodi. Ka buɗe bonet ka soki kewayen inda kan shokozoba ya ɗaure. Ƙarfe mai lafiya zai yi maka ƙara tas, sukundireban ya dawo. Ruɓaɓɓe zai yi lumus, jan gari ya zubo maka a ido. Daga nan a ɗaga kusurwa ɗaya da jak, ka buɗe ƙofofi huɗun ka rufe. In suna rufuwa yadda suke yi a ƙasa, ƙashin na nan. In wata ta cije ko ta ƙi kamawa, bodin ya fara murɗewa.

In daɓe ne kawai ya tafi, ka gode wa Allah, wannan ƙaramin aiki ne. A yanke ruɓaɓɓen har a kai ƙarfe mai haske, a yanko faranti mai kauri irin na asali, a yi masa ƙundu-ƙundun da za su ba shi ƙarfi, a liƙa. Abu biyu za ka tsaya a kansu. Kada a ɗora sabo kan tsatsa a shafe da foti, wannan rufin asirin wata shida ne. Kuma in za a taɓa dokin ƙofa, a fara gicciya ƙarfe a bakin ƙofofin a ɗaure bodin, a yi gefe ɗaya a gama kafin a yanke ɗayan. In kuwa ƙarafan ƙasa da mazaunin shokozoba sun tafi, gaskiya mai ɗaci ita ce a nemo wani bodin 504 mai lafiya, a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano ko wajen masu tsofaffin Fijo a Sabon Gari, a kwashe kayan Baba a mayar ciki. Wannan shi ne canjin casis na 504, babu wani. Sai dai ka sani lambar casis a jikin bodi take, don haka a idon hukuma waccan motar ce ka gyara, da takardunta za ka yi yawo.

Sai maganar inji, inda na fi son ka saurare ni, don na taɓa ƙonewa.

Mafi yawan 504 ɗin Kaduna masu shan fetur suna ɗauke da injin lita biyu da ake kira XN1, mai cc 1,971. In ka buɗe bonet za ka ga a kishingiɗe yake, ya karkata gefe da digiri 45. Ba ado ba ne, an yi haka ne don bonet ya kwanta ƙasa. Duk injin Toyota da za a kawo maka, 3Y ne ko 4Y ko 22R, a tsaye yake. Ko dai ya taɓa bonet, ko a saukar da shi kaskon baƙin mai ya haɗu da ƙarfen gicciye da sandar sitiyari. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu ya fi shi wuya. A 504 salun firofela ba a fili take ba. Tana cikin wani bututun ƙarfe mai kauri da ya taso daga bayan giya ya kama aksil ɗin baya. Bututun nan ba murfi ba ne, shi ke riƙe da hancin aksil kada ya yi ta ɗaga kai duk lokacin da ka taka totur. Giyar Toyota ba ta da inda zai ɗauru.

Shekarun baya na sa wa tawa 504 injin Toyota da giyarsa, bisa shawarar wani makanike da ba zan kama sunansa ba, don har yau muna gaisawa. Ya cire bututun nan ya jefar, ya yanko firofelar wata mota ya haɗa da walda, ya saita ta da ido da zare. Ranar da na karɓe ta na yi murna, tana tashi da murɗa makulli sau ɗaya. A cikin gari lafiya lau. Da na hau titin Kaduna, allura na kaiwa 80 sai madubi ya fara rawa, kuɗin da ke cikin aljihun dashbod suka fara kiɗa. Na ce sabon aiki ne, zai zauna. Sati na uku, na wuce Jaji kaɗan, na taka zan wuce wata tirela, sai na ji gam a ƙarƙashin kujerar baya kamar an buga taɓarya. Aksil ya yage mazauninsa. Na kwana biyu ina jigila tsakanin bakin titi da gari, kuma kuɗin da na kashe daga farko zuwa ƙarshe ya isa a sabunta injin asali sau biyu. Injin nawa na asali kuwa tuni an sayar da shi, wai don a rage mini kuɗin aiki.

Ba na cewa ba a taɓa yin wannan haɗi ya yi kyau ba. Ana yi. Masu yi da kyau kan bar giyar Peugeot da bututunta a inda suke, su kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya yi farantin da zai aurar da injin Toyota da giyar, tsakiya ta zo daidai da tsakiya ba kuskuren ko gashi, sannan a daidaita kuloci da kik. A Kyuba ma da haka tsofaffin Chevrolet da Ford na kafin 1959 ke yawo har yau, da injinan dizal na wasu ƙasashe a cikinsu. Amma su tilas ce ta sa su, takunkumin Amurka ya yanke musu kayan gyara. Kai kana zaune tafiyar awa guda daga inda aka haɗa motarka.

Injinan 406 ko Camry da za a yi maka tayinsu da araha, ka kawar da kai. An yi su ne su kwanta a gicciye su ja tayar gaba, ga ƙwaƙwalwar lantarki da famfon mai mai matsi da tarin wayoyi. Sai ka tara makanike da rewaya suna nuna wa juna yatsa. Dizal ma, 2L ko 3L na Toyota, ban ba ka shawara ba. Ya fi nauyi, gaban motar zai duƙa, sitiyari ya yi tauri, ga jijjiga a tsohon bodi da aka yi wa faci. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kowa ke lissafin mai, na sani, amma dizal ɗin ma ba kyauta ake ba da shi ba, kuma motar da za ka fita da ita Juma'a da ranar biki ba za ta taɓa mayar maka da kuɗin canjin ba.

Abin da zan yi in ni ne kai, in sabunta XN1 ɗin. Hayaƙi da shan baƙin mai ba mutuwa ba ce a wannan inji, don yana da wata baiwa: ramukan fistin ɗinsa hannun riga ne da ake zarewa, abin da makanikai ke kira silib. Ba sai an kai bulok an rarake ba. A sayo saitin silib da fistin da ringi, a zare tsofaffi a zura sabbi. Wurin da ake kuskure shi ne tsayin da silib ke ɗarawa saman bulok. Ɗan kaɗan ne ƙwarai, da ma'auni ake duba shi, kuma in bai daidaita a duka huɗun ba gaskit zai ƙone, ruwa ya haɗu da mai. Nemi dattijon makaniken Fijo, irin waɗanda suka yi ƙuruciyarsu kan tasin Zariya zuwa Kano, ka tambaye shi yadda yake auna wannan. In ya ce da yatsa yake shafawa, yi masa sallama. Kan injin alminiyam ne, a duba ko ya bauɗe, a gyara bawul, a canza robobinsu. A auna karanshaf kafin a sayi metal. A canza sarƙar taimin da famfon ruwa, a wanke lagireto ko a sake masa ciki, a wanke kafireto da tanki, don fetur ɗin shekara shida ya zama danƙo.

In aka buɗe aka tarar bulok ya tsage, mafita ta kusa ita ce injin 505 mai lita biyu na wannan dangi. Ita ma 505 an haɗa ta a Kaduna, injin a kishingiɗe yake kamar naka, kusan a mazauni ɗaya yake zama. Wajen sayen ɗan Beljiyam, kada fentin da aka fesa masa ya ruɗe ka. Juya shi da sifana ka ji yana matsewa sau huɗu daidai wa daida. Cire fulogi ka duba bakinsu. Buɗe murfin baƙin mai, in ka ga abu kamar kindirmo a jiki ruwa ya shiga. A rubuta maka rasit mai ɗauke da lambar injin da kwanakin da za ka iya mayarwa. Da wannan rasit za ka je ofishin lasisin mota a gyara takardu, domin lambar inji da ta casis na cikin abin da jami'an VIO da 'yan sanda ke dubawa, kuma injin da ba a san asalinsa ba yana iya zama na sata. Tsohon injin kuma ka kai shi gida ka ajiye, ko da a zaure ne.

Birki kuwa ba a jira a ga ko yana aiki. Motar da ta yi shekara shida a tsaye, robobin birkinta da tiyo-tiyonsa sun bushe, man ya sha ruwa, tayoyin sun tsattsage ko da zanensu na nan. Waɗannan duka sabbi za a sa kafin ta taka titi, ko da kuwa fenti zai jira baɗi.

In sha'awar hot rod ɗin ce ba ta sake ka ba, akwai inda za ka huce ta ba tare da ka fafe motar ba: salansa mai daɗin murya, giya biyar ta 505 in an sami mai haɗa ta da kyau, kujerun da aka yi wa sabuwar fata a wajen dukawan birni, fenti irin launin da ta zo da shi. Ranar Asabar ka sa a jawo ta kan rami, ka shiga da sukundirebanka. Abin da ka gani a ƙarafan ƙasa da mazaunin shokozoba ka rubuto mini, daga nan za mu san ko mai walda za a fara kira ko mai neman bodi.